Tsamiyar da Sallau Bai Sa wa Suna Ba

Kai da kake ce mini ba ka da lokacin zama ka jera kayan aikinka, matso ka ji abin da aka yi wa wani bawan Allah. Ni har yau abin yana ci mini rai a madadinsa.

Sallau mai zanen lambu ne, irin waɗanda ke zama gaban kwamfuta su tsara inda za a dasa kowace bishiya tun ba a haƙa rami ba. Hannunsa yana da kyau, kuma ya sani, yakan faɗa ko ba a tambaye shi ba. A teburin da ke kusa da nasa akwai Malama Indo, wadda ta ɓata yini biyu cur tana haɗa abin da ta kira rumbu a cikin manhajar zanen da suke aiki da ita. Ta zana mangwaro guda, ta sa masa suna, ta rubuta faɗin inuwarsa in ya girma, ta ajiye. Haka ta yi wa darbejiya da gwaiba da tsamiya. Duk aikin da ya zo sai ta ɗebo ta ɗora, in ta taɓa uwar da ke rumbu kuwa, 'ya'yan duka su sauya. Wai har ta ce masa, "Malam Sallau, kwafi abinka mana, ai ba ya ƙarewa." Ji raini! Mutumin da ya shekara ashirin yana zane, a ce ya riƙa dangwala bishiya kamar mai buga hatimi a sakatariya? Ya ce, "Ƙanwata, Allah bai halicci bishiya biyu iri ɗaya ba. Ni ma ba zan zana ba."

Sai ga babban aiki. Wani Alhaji ya gina gidaje sittin, ya ce in lambunsu ya yi kyau, sittin na gaba ma na Sallau ne. Gogan naka ya zana bishiya ɗari huɗu, kowace da hannunsa, kowace da nata karkatar reshe, ba wadda ya tsaya sa wa suna. Alhaji ya yaba, aka sayo dashe aka jibge a fili. Ana nan sai aka karanta wa mahaifiyar Alhaji jerin abin da aka sayo, aka zo kan tsamiya saba'in. Tsohuwa ta ajiye carbi ta ce, "Tsamiya a ƙofar gida? Kai, 'yan Adam ka gina wa gidajen nan ko mutanen ɓoye?" Alhaji kuwa ba ya ja da Hajiya. Ya bugo waya ya ce a cire tsamiya kaf a sa mangwaro, kuma gobe da safe, don ruwa ya sauka, leburori na jira.

Sallau ya umarci manhaja ta nemo masa tsamiya, ta ce ba ta san wata tsamiya ba. To wa ya gaya mata? Dole ya riƙa buɗa bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana leƙen ganye, idanu na ruwa, wuya ya ƙage. Don a ƙara masa takaici, a ranar aka ce wa Indo ta mayar da gwaibar wani asibiti lemo, ta gama tun shayinta bai huce ba, har da 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Da la'asar ya ƙirga tsamiya sittin da ɗaya da ya gano ya mayar mangwaro, ya ce ai mai jerin ne ya yi kuskure, ya buga zanen ya aika. Shugaban leburori kuwa mutumin karkara ne, ya san itace. Ya shimfiɗa takarda, ya ga tsamiya tara da aka zana kamar a tsinka a jiƙa, ga dashenta a ajiye, sai ya dasa. Ɗaya ta faɗo daidai ƙofar gidan da Alhaji ya ware wa mahaifiyarsa. Matar da ta shekara saba'in tana dama kunun tsamiya, ita za a ɓoye wa ganyenta? Daga cikin mota ta nuna ta da sanda.

Gidaje sittin na gaba aka ba Indo. Shi kuwa Sallau, mai gudun zaman yini biyu a ƙarƙashin fanka, kwana uku ya yi yana bin dashe ɗari huɗu a cikin taɓo, shaddarsa mai sitaci a naɗe har gwiwa, yana duƙawa yana neman sauran takwas, leburori na yi masa sannu da aiki.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya ƙi sharar masallaci zai yi ta kasuwa.