Auta Ya Makara

Ku yaran yanzu ba ku da aiki sai tauna Turancin da ba ku san ƙashinsa ba. Kalma ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ku jefa ta kamar tsakuwa, ba ruwanku da kan wanda za ta fasa.

Ƙarfe tara da kwata Auta ya farka, rana har kan katifarsa. Bakwai ake buɗe maɗaba'ar da yake yankan takarda, kuma a makon nan Manaja ya ja masa kunne a gaban kowa: latti ɗaya ya rage masa, daga shi sai ƙofa.

Ya jawo waya. Kiran Yaya, babbar yayarsa, har sau goma sha ɗaya. Ya san zancen. Jiya Baba ya ce ya zo da sassafe ya raka shi asibiti, ya amsa da to, ya tafi kallon ƙwallo. Ba shi da lokacin faɗan Yaya.

Yana saka takalmi da hannu ɗaya, yana rubuta wa Manaja saƙo da ɗayan. Da Turanci, don a san da ɗan boko ake magana. "My father is late." Nufinsa tsoho ne ya makara, ya makarar da shi. Ya danna, ya kashe wayar, ya cusa a aljihu.

Kalmar nan "late" ba baƙuwarsa ba ce. Ita ake rubuta masa da jan biro a littafin zuwa aiki. Mota in ba ta zo ba, ita ce. Takarda in ba ta iso daga kamfani ba, ita ce. A zatonsa ya gama saninta.

Da ya shiga maɗaba'a sai ya tarar injuna a kashe. Ba wanda ya dubi agogo. Manaja da kansa ya taso, ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Mun samu labari. Allah ya ji ƙansa. Me ma ya kawo ka aiki, ɗana?"

Auta ya buɗe baki. Idonsa ya faɗa kan teburin yanka, inda sanarwar addu'ar wani tsoho take jibge tun jiya, hotonsa a tsakiya, a gaban sunansa an buga Late da manyan baƙaƙe. Marigayi. Kwafi ɗari biyar ya yanka da hannunsa, bai taɓa tsayawa ya karanta ba.

Gyaran kuskuren bai fi numfashi ɗaya ba. Amma in ya gyara, latti ya tabbata, sai ƙofa. Ya sunkuyar da kai, ya murza ido har ya yi ja.

"Amin," in ji shi.

Aka zaunar da shi, aka kawo ruwa. Mai ɗinkin littattafai, wadda ba ta taɓa yi masa fara'a ba, tana share hawaye da bakin mayafi.

"Tashi mu je," in ji Manaja. "Kada a yi ta jiranka."

"Ranka ya daɗe, da ka bari na hau haya."

"Ana mutuwa kana zancen haya? Shiga mota."

Mutum huɗu suka cika motar. Manaja bai tambayi hanya ba, ya karya kwana daidai gidan mai, ya miƙe. Auta yana ta lissafi. War haka Baba yana ƙofar gida a kan kujerar roba, rediyo a cinya, yana jiran ya ga ƙeyarsa ya wanke shi tas. In motar nan ta tsaya a gabansa, wa za a yi wa gaisuwar?

"A tsaya ɗakina, in sake riga."

"Riga kuma? Lokaci fa na tafiya."

"Minti biyu, ranka ya daɗe."

Ya shiga ta ƙofar gaba, ya ratsa tsakar gida, ya ɗage igiyar shanya, ya fice ta ƙofar baya. Lungu ya ba shi lungu har shagon wani mai aski da bai san shi ba. Ya zauna can ƙurya, bayan labule.

"Aski ko gyaran fuska?"

"Ina jiran wani ne."

Aka kira azahar yana nan. Ya tashi, ya zauna, ya leƙa titi, ya dawo. Duk motar da ta rage gudu sai ya ja labule ya lafe. Ya ƙulla ƙarya ya kwance ta fi goma. Ya ce ko kawu ne ya rasu, ko kakan da suke kira Baba. Mai aski dai ya gaji, ya ce in ɓarawo ne ya faɗa tun da wuri, ya san inda zai ɓoye almakashinsa.

Bayan la'asar dabara ta ƙare masa. Ya yanke shawara ya kira Baba ya faɗi gaskiya. Tsohon zai zage shi, zai kira shi shashasha, daga baya ya yi dariyar nan tasa mai tari, ya sa hula ya je ya ba Manaja haƙuri. Ya sha yi masa.

Ya kunna wayar. Saƙonsa na safe yana nan inda ya bar shi, da jar alama a gefe: ba kuɗi a layin, bai tafi ko'ina ba. A ƙasa kuma na Yaya ne. "Da asuba Baba ya cika. Na kira wurin aikinku tun ƙarfe takwas. Mun riƙe makara har la'asar muna jiranka, liman ya ce a tafi."