Sandar Tanimu Kafinta

Kai da ka zo kana ce mini ka ƙare, hannunka ya mutu, gyara zama tukuna. Ni ba na son kukan babba. Bari in ba ka misalin wani kafinta.

Tanimu sunansa, ya haura shekara talatin yana sana'a. Aka kawo masa aikin babbar kanta ta jera littattafai, da katakon maɗaci masu faɗi. Irin wannan aiki sai an yanka gurbi a jikin katakon gefe, daga wannan baki zuwa wancan, a miƙe sak, inda allon kanta zai shiga ya zauna. Da can da zarto ake wannan fama. Yanzu akwai injin hannu da kafintoci ke kira rauta, mai haƙori guda da ke juyawa kamar zai ci mutum. Amma fa injin nan makaho ne. Sai ka shimfiɗa masa miƙaƙƙiyar sanda a kan katako, ka matse ta gam, ka jingina gindinsa da ita, sannan ka tura. Inda ta bi, nan zai bi. Tanimu na da irin sandar nan, gadon ubansa, ta sha hannu har ta yi baƙi tana sheƙi. Duk abin da ya shigo shagon da ita ake gwada miƙewarsa.

To, ran nan ya jera katakon gefe biyu, ya matse sanda, ya tura inji. Ya ɗauko allo zai zura. Bakin nan ya shiga, bakin can ya shiga, tsakiya ta ce ba da ita ba. Ya duba, gurbi ya yi ciki, ya karkace a tsakiya. Ya zagi inji, ya sake masa haƙori, ya yanka na biyu. Ciki. Ya riƙe numfashi, ya danne da duk ƙarfinsa, ya yanka na uku. Ciki dai. Nan ya daina zagi, don wani abu ya faɗo masa a rai. Ubansa ma kafinta ne, kuma a daidai waɗannan shekarun hannunsa ya fara rawa. Ƙusa ce ta fara gagararsa, daga baya maɓallin riga, a ƙarshe ko kunu sai an riƙe masa ludayi. Tanimu ya miƙa hannunsa yana kallo. Kai ma ka sani, hannun da aka zuba wa ido da tsoro ba ya tsayawa cik. Ya gan shi yana motsi. Ya kashe inji, ya naɗe waya, ya zauna kan benci. Kwana biyu yana buɗe shago, bai taɓa ko guduma ba, bai kuma gaya wa kowa ba.

Rana ta uku sai ga taubashinsa Jatau magini ya biyo daga wurin aiki, ƙafa duk siminti.

"Bawana, yau kuma zaman makokin wa ake yi? Ko gara ce ta cinye jarin?"

"Rabu da ni, Jatau. Ciwon Baba ne ya iso."

Jatau bai yi dariya ba, bai kuma yi jaje ba. Ya sunkuya kan katakon, ya bi gurbin farko da yatsa, ya bi na biyu, ya bi na uku.

"Kai dai an yi tsohon banza. Ina ka taɓa ganin hannu mai rawa ya yi kuskure iri ɗaya, wuri ɗaya, har sau uku? Da Kawu ke rawar hannu, layinsa tafiyar tsutsa yake yi. Wannan kuwa kamar an buga hatimi. Miƙo mini sandar can."

"Sandar Baba? Ta girme ka a gaskiya."

"Miƙo dai."

Ya zaro zaren gini daga aljihu, ya kafa a kan sandar daga wannan kai zuwa wancan, ya ja ya ɗame. Sai ga haske a tsakiya, tsakanin zare da sanda, har tsinken ashana na wucewa. Suka ɗaga kai. Daidai lungun da ake jingine ta kwano ya huje, damina guda tana shan ɗigo tana bushewa, ta gantsare a hankali ba wanda ya sani. Shekara da shekaru ana gwada kowa da ita, ita ba a taɓa gwada ta ba.

Tanimu ya samo wata sandar, ya sa zare ya tabbatar, ya matse, ya tura inji. Ya ɗauko allo, ya ɗan buga da tafin hannu, ya shige zuruf ya zauna daram. Ya sauke wata ajiyar zuciya da ta tayar da garin katako. Ya sake miƙa hannun nan, ga shi tsaye kamar na ɗan shekara ashirin. Jatau ya ce ladan duba tsire ne, kuma ba na ɗari biyu ba.

Saboda haka kafin ka yanke wa kanka hukunci, je ka ja zare a kan abin da ka jingina da shi, ko mutum ne ko shawara, musamman wanda ka daɗe ba ka tuhuma ba. Masu iya magana sun riga mu: babu mugun sarki sai mugun bafade.