Zaren Kulu

Buhun dawar ya faɗo daga reshen rimi, ɗamarar fata ta riƙe shi cak, buhun ya fashe.

"Da mutum ne, bayansa ya karye ke nan," in ji Tukur, badukun Hunkuyi.

Ƙanensa Ɗanliti ne ya samu aikin hawa turakun waya da ake kafawa a hanyar Makarfi bayan samun 'yancin kai, shi ake gwada wa ɗamarar. Tukur ya lura ba faɗuwa kaɗai ke kisa ba, har da fizgar igiya. Sai ya ninninke wutsiyar ɗamarar ya ɗinke, don ɗinkin ya riƙa farkewa a hankali yana rage fizgar. Amma zaren kasuwa ya ƙi tsinkewa.

Nan ya tuna da zaren da matarsa Kulu take kaɗawa, wanda masaƙa suka daina saye saboda saurin tsinkewa.

"Me ya sa sai nawa, Malam?" in ji Kulu da ya nema.

"Babu irinsa a ƙasar Zazzau," ya ce. Bai kuwa yi ƙarya ba.

Ran da Ɗanliti ya zame, ɗinkin ya farke ninki bayan ninki, shi kuwa ya tsaya yana lilo, ko ƙwarzane babu. Abokan aikinsa duka suka ce a yi musu.

Tukur ya ɗinka da sabon zaren Kulu cikin gaggawa, suka karɓa suka tafi. Kulu ta kawo masa tuwo tana murmushi.

"Tunda rayukan mutane ne, Malam, wannan karon na dage na murza zaren da kyau. Ko bijimin sa ba zai tsinka shi ba."