Kwallin Motar Baba

Ƙarar murfin gwangwanin fenti ce ta fito da ni ƙofar gidanmu a Shahuci, wata rana da la'asar ina yarinya. Na tarar da Baba tsugune gaban motarsa, yana shafa baƙin fenti a saman fitilun.

Na ce, "Baba, kwalli kake sa mata?"

Ya ce, "I, uwata. Idon mai tahowa amana ne. In na kashe masa ido, kaina zai faɗo."

Yanzu fitilun motoci farare ne tas kamar walƙiya, ga idon maigidana ya yi rauni, kuma shi ma yana tuƙa mota. In magariba ta yi bai dawo ba, sai in kasa zama, ina addu'a ina leƙen zaure.

Jiya autata, da ta san labarin, ta riƙe min zani ta ce, "Umma, zauna mana. Gobe sai mu je mu sa musu kwalli."