Firizar Funmi

Da warin roba ya cika gidan Alhaji Bamalli da ke unguwar Kwamba a Suleja, kafin a ga hayaƙin ma an riga an san mai laifi: firizar Funmi.

Funmi 'yar haya ce, ɗakinta na ƙarshe kusa da rijiya. Ƙanƙara da zoɓo take sayarwa, da su take ciyar da 'ya'yanta biyu. Ranar nan soket ɗin falon Alhaji ne ya kama wuta, ya lashe labule, ya narkar da bayan talabijin. Allah ya taƙaita, matarsa Luba tana kusa, ta watsa yashi.

Alhaji ya tara 'yan haya a tsakar gida. Mutum ne da ba ya fara magana sai ya faro daga tarihi: yadda ya yi shekara ashirin yana gyaran keke a Bagama, yadda ya gina gidan nan bulo-bulo. Sannan ya zo kan abin alfaharinsa.

"Duk layin nan, gidan wa fiyus bai taɓa tsinkewa ba? Shekara shida! Sai da aka kawo mana wannan ƙaton akwatin." Ya dubi Funmi. "Madam, ko firiza ta fita, ko ku fita tare. Zuwa Juma'a."

Idan babu firiza babu tuwo, ɗaki kuwa a Suleja yanzu sai mai hannu da shuni. Funmi ta durƙusa ta ce, "Baba, na sa mata na'urar kariya fa. Ko wuta ta zo da ƙarfi, ita ke tarewa."

Alhaji ya ce na'urar ma bai yarda da ita ba.

Washegari Funmi ta ɗauko Ifeanyi, mai gyaran wuta daga Chaza. Ya auna firiza, ya auna soket ɗinta, ya ce lafiyarsu lau. Ya nemi a buɗe akwatin fiyus. Alhaji ya laluba aljihu ya ciro makulli, don ba ya barin kowa ya taɓa wurin, ya miƙa masa da yatsa biyu, ya tafi amsa waya a zaure.

Ifeanyi ya zare fiyus ɗin, ya juya shi.

"Anti, fiyus an yi shi ne don ya tsinke," in ji shi. "Siririyar waya ce a ciki. In kaya sun yi wa layi yawa, ita ke fara mutuwa, gida ya tsira. Nan wani ya cire ta ya cusa ƙarfe. Wuta ta rasa inda za ta yanke, sai ta dafa wayoyin bango. Wanda ya yi wannan, shi ya kusa ƙona ku da ranku."

Funmi ta ƙura wa ƙarfen ido. Dogo ne, siriri, an lanƙwasa shi tsaf, aikin gwani.

Sai ga Alhaji ya dawo yana gyara hula. Da ya hango abin a hannun Ifeanyi, fuskarsa ta washe, har da ɗan ɗaga kafaɗa.

"Yauwa, ka ga sirrin ke nan," ya ce. "Mayar min da shi a hankali, yaro. Silin ƙafar keke ne, irin na da. Da hannuna na sa shi, shekara shida ko gezau."