Noti Ɗaya a Jikin Garma

Tun da aka kwance fiffike na biyu aka ɗora a tirela, Ishiyaku yake tsaye yana kallon aikin. Sati uku ke nan da ƙaramin jirgin feshi ya faɗo gonarsa a Sahuda, matuƙin ya karye. Ranar da notin garmarsa ya ɓata, ya lallaɓa ya kwance ɗaya daga jikin injin jirgin ya ɗaura mata. Wa zai lura da noti ɗaya?

Yanzu ga Injiniya Mu'azu yana jera notuna a kan buhu, ɗan sanda tsaye a kansa. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.

"Babu ɗaya," in ji shi.

Garmar tana jingine da bishiya, taku biyar kacal.

Sai injiniyan ya zauna daɓas, ya dafe kai. "Ni na ɗaure injin nan da hannuna. Ashe ni na kayar da jirgin. Ofisa, rubuta."

Ishiyaku ya dubi ankwar da ke ƙugun ɗan sandan. A hankali ya cire rigarsa ya rufa wa garmar.

"Sannu, Injiniya," ya ce. "Allah ya kiyaye gaba."