Zanen da Bai Sha Iska Ba

Labaran, ajiye littafin nan ka dube ni. Kwana biyu kacal makarantar hafsoshin sojan sama ta ba ka ka zo gida, ka shige ɗaki kana haddar abin da ka riga ka haddace. Uwarka ta ce saura mako biyu a gwada ku tuƙi, wanda ya faɗi gwajin a sauke shi daga jirgi, kuma wai sau uku malaminka na karɓe jirgin daga hannunka wajen sauka. Na tambaye ka me ya ce kana ɓatawa, ka ce ba ka tambaye shi ba, kada 'yan ajinku su ji. Ni kawunka ban yi boko ba, gyaran injin ban ruwa ma da kwancewa da ɓatawa na koye shi, kuma ban taɓa hawa abin da ya fi saman tirela tsawo ba. Amma na ga irinka a wata marina, har yau ina juya abin a raina.

Wani manomi ne, ƙato, wanda a garinsu in aka fita gayya babu mai ganin ƙeyarsa sai a ƙarshen kunya. Bai saba zama na biyu ba. Da kaka ta wuce ya shigo birni cin rani, ya zauna wurin wani tsohon marini don ya koyi rini. Tsohon ya ce kafin ruwa ya sauka zai bar wa ɗaya daga cikin masu koyo ramin rini guda, ya zama nasa. Manomin nan ya ƙudura a ransa ramin nasa ne. Ranar farko aka ba shi farin zane, ya tsoma a ruwan shuni, ya murza, ya ɗago. Maimakon shuɗi sai ga abu kore fatau kamar gansakuka. Wani marini mai baki ya leƙo ya ce, "Su manoma ko rini suka yi sai ya fito ganye." Aka yi dariya. Mutumin naka ya danna zanen cikin rami da sauri kamar wanda aka kama da kayan sata. Da a ce ya riƙe shi a sama gwargwadon ɓare goro ɗaya, da ya ga abin mamaki: koren nan yana juyewa shuɗi a gaban idonsa. Na kowa haka yake fitowa, har na tsohon. Sai dai shi idonsa na kan raminsa, in ya ɗaga kai na mutane ya riga ya juya, sai ya ɗauka shi kaɗai ne Allah ya haɗa da kore.

Daga ranar ya canza salo. Shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi. Ya juya wa mutane baya, hannu biyu cikin rami, yana cuɗa zane a ƙarƙashin ruwa inda ba mai gani. In ya hango tsoho ya tsoma ya ɗago, ya tsaya yana hira zane na ɗiga, sai ya ce a ransa tsufa ne da son jiki. Bai taɓa tambaya ba, don mai tambaya ya nuna bai sani ba. Da ranar gwaji ta zo, tsoho ya ba kowa farin rawani, ya ce daga hantsi zuwa la'asar. Sauran suna tsomawa suna ɗagowa, ana tsokanar juna, kore na zama shuɗi, shuɗi na ƙara duhu har ya koma baƙi wuluk. Shi kuwa ya haɗa gumi bai ko sha ruwa ba, sai da aka kira sallar la'asar ya fito da nasa. Aka ɗauraye, sai ga rawani fari-fari shuɗi-shuɗi kamar tsohuwar rigar da ta gaji da wanki. Tsoho ya juya shi ya ce, "Ɗana, sau nawa ka fito da shi?" Ya ce, "Sau ɗaya." Tsoho ya kama hannunsa ya ɗaga, baƙi ƙirin har gwiwar hannu, ya fi na kowa rinuwa. Ya ce, "Ka ga wannan? Shi yana shiga yana fita, ya sha iska, ya kama. Shuni a rami yake, amma sai a sarari yake zama launi. Hannunka ka rina, rawanin ka jiƙa kawai." Ramin ya tafi ga wani siririn mutum da aka fi yi wa dariya duk ranin nan. Da hadari ya haɗo, manomi ya ɗauki buhunsa ya koma gida.

Abin da ke ɗaure min kai, babu wanda ya kai shi ƙwazo a marinar nan, kuma abin da ya rasa kyauta ne, buɗe baki kawai. Kai ma ba ƙwazo ka rasa ba, kada ka kawo min zancen ƙara karatu, raina zai ɓaci. An tara ku a can ne don ku yi kuskure malami na kusa da ku, tun jirgin yana da hannun mutum biyu a kansa. Ranar Litinin ka tari malamin nan a gaban 'yan ajin, ka ce ya nuna maka inda saukarka ke lalacewa. In sun yi dariya, su yi, nasu ma kore yake fitowa. Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.